Kwamfutar da Ta Kasa Numfashi a Bazara

Saura kwana goma sha ɗaya ta miƙa kundin digirinta na uku, kwamfutar ta mutu mata karo na huɗu a yini guda. Malama ce a wata babbar makaranta a Zariya, kuma shekara biyar ta yi tana tattara alƙaluman da ta gina kundin a kansu. Tsakiyar watan Afrilu ne, bayan azahar, an ɗauke wuta tun hantsi, fankar sama ta tsaya cak. Tana zaune a kan katifa, ta ɗora laftof ɗin bisa matashi, manhajar ƙididdiga tana tsakiyar wani dogon lissafi. Sai 'yar fankar da ke cikin na'urar ta ɗaga murya kamar injin markaɗe, komai ya daskare, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Da ta kai hannu ƙasanta sai ta janye da sauri, don robar ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Gyaran da ta yi wa babi na huɗu tun safe ya tafi ke nan, bai dawo ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun daminar bara na'urar take nuna alamu. Takan yi nauyi idan an buɗe mata abu biyu ko uku, fankar takan yi ta gurnani ko da wasiƙa kawai ake rubutawa, gefen hagu na madannai kuma yakan ɗumama yatsa. Malama ta ɗora laifin a kan tsufa, tunda shekarar kwamfutar huɗu a hannunta. Da ta kai ta wani shago, saurayin da ke wurin bai ko juya ta ba ya yanke hukunci: "Hajiya, bairos ne ya cika ta. Sai an yi mata fomatin." Wani abokin aikinta kuma ya ba ta shawarar ta haƙura ta sayi sabuwa, alhali kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin albashinta na wata. A cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa na'urar ke zafi.

Wanda ya yi wannan tambayar wani dattijo ne mai ɗan shago a bayan kasuwa, wanda ya fara sana'arsa da gyaran rediyo da talabijin tun kafin kwamfuta ta yawaita. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya ce, "Malama, aikin naki yana wani wuri ban da cikin nan?" Ta ce rabinsa. Ya sa ta kwafe komai a filas nan take, tun na'urar tana da sanyi. Sannan ya bar ta a kunne na 'yan mintoci har fankar ta fara ihu, ya kara bayan hannunsa a ramukan gefe da iska ke fita. Ya ce, "Ki saurari yadda take kuka, sannan ki taɓa nan. Ba iska. Hanyar ce ta toshe."

Ba a gane abin da hannun dattijon ya gano sai an san yadda zafi ke tafiya a cikin kwamfuta. Duk wutar lantarkin da ta sha, a ƙarshe zafi take komawa. Mafi yawansa daga furosesa yake fitowa, wato ɗan falankin silikon da ke yin lissafin duk abin da na'urar ke aikatawa. A cikinsa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira transisto, suna buɗewa suna rufewa bisa wani agogo da ke bugawa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane motsi nasu yana barin ɗan ɗumi. Furosesan siririn laftof na ofis yakan fitar da zafin kimanin wat 15, na manya masu ƙarfi kuma wat 45 ko fiye. A baki wannan kaɗan ne, tunda dutsen guga yana shan kusan wat 1,000. Amma dutsen guga yana baza zafinsa a kan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, shi kuwa furosesa faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba. Idan aka auna zafin da ke fita daga kowane santimita, furosesa mai aiki tuƙuru ya fi dutsen guga.

Zafi kuwa ba a kashe shi, sai dai a kwashe shi daga wani wuri a kai wani. Aikin da kayan sanyaya na laftof ke yi ke nan, kuma zango huɗu zafin ke bi kafin ya bar na'urar. Na farko wani mai ne mai kauri, toka-toka, da ake shafawa a kan furosesa, wanda masu gyara ke kira fes. Na biyu farantin jan ƙarfe ne da aka danne a kan man, haɗe da wani siririn bututu lanƙwasasshe. Na uku jerin siraran fallayen ƙarfe ne a ƙarshen bututun, masu kama da haƙoran mataji, waɗanda ke daf da ramukan gefe. Na huɗu fanka ce, wadda ke zuƙo iskar ɗaki ta ƙasan kwamfutar ta hura ta tsakanin haƙoran, iskar ta ɗebi zafin ta fita da shi. Idan zango ɗaya ya lalace, lafiyar sauran ukun ba ta amfana komai.

Bututun nan shi ya fi ban sha'awa. A ido kamar ƙarfe ne kawai, amma cikinsa rami ne da aka zuƙe iskarsa, aka zuba ɗan ruwa kaɗan, aka liƙe bakinsa. Da yake babu iskar da za ta danne ruwan, yakan tafasa tun zafi bai kai ko kusa da digiri 100 ba. Yana tafasa a kan furosesa, tururin ya ruga zuwa ƙarshen da ke da sanyi, ya sauke zafinsa a wurin haƙoran, ya koma ruwa. Bangon cikin bututun an shimfiɗa masa garin jan ƙarfe da aka gasa ya zama kamar soso, shi ke tsotso ruwan ya maido shi baya, kamar yadda lagwani ke jawo kananzir. Haka zagayen ke gudana ba tsayawa, babu inji, babu famfo. Sirrin abin shi ne ruwa yana haɗiye zafi mai yawa lokacin da yake zama tururi: mayar da giram ɗaya na ruwa tururi yana cin zafin da ya ninka sau biyar wanda ake bukata a ɗauke shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa.

George Grover ne ya ƙera irin wannan bututu a ɗakin bincike na Los Alamos da ke Amurka a shekarar 1963, amma ƙa'idar da yake aiki da ita tsohuwa ce a kowane gidan Bahaushe. Ruwan randa yana sanyi ne saboda ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ya tafi da zafi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya ba tare da wutar lantarki ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duk wanda ya san randa ya san kuma sharaɗinta: tana son wurin da iska ke kaɗawa. Randar da aka kulle a lungu ruwanta ba ya sanyi. Bututun laftof ma haka yake, idan iska ba ta ratsa haƙoransa, ba shi da inda zai sauke kayan da ya ɗauko.

To, idan zafi ya rasa mafita, me furosesa ke yi? Yana da ma'aunai a jikinsa, kuma mafi yawan na laftof iyakarsu tana wajajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Da ya doshi wannan iyaka sai ya rage gudun agogonsa da kansa, don ya rage abin da yake fitarwa. Nauyin da Malama ta shekara tana fama da shi ke nan: na'urar ce ke jan ƙafa da gangan don kada ta ƙone. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai ta yanke wutar gaba ɗaya ba tare da sallama ba, duk abin da ba a adana ba ya salwanta. Saurayin mai shago bai faɗi abin da ba ya faruwa ba, domin muguwar manhaja da ke aiki a ɓoye takan iya wahalar da furosesa har ya yi zafi. Sai dai akwai hanyar bambancewa. Idan aka buɗe Task Manager a Windows aka ga furosesa yana hutawa amma na'urar na ƙuna, ko aka ji fanka na ihu amma iska ba ta fita, matsalar ta ƙarfe ce da iska, kuma ko sau goma aka yi fomatin ba zai taɓa ta ba. Manhajoji irin su HWMonitor suna nuna zafin a lamba, ga mai son tabbatarwa. Da dattijon ya duba ta Malama, ta haura digiri 95 cikin 'yan mintoci da fara aiki.

Akwai kuma lissafin da bazara ke yi wa kowace kwamfuta a ƙasar Hausa. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin da ta samu ita take hurawa. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta cewa a yi amfani da laftof ɗinsa a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin rana a Afrilu yakan kai digiri 40 har ya wuce. A ɗaki mai digiri 25, tazarar da ke tsakanin iska da iyakar furosesa digiri 75 ce. A ɗaki mai digiri 40 ta koma 60. Kashi ɗaya cikin biyar na sararin da na'urar ke da shi ya tafi tun ba a ɗora ta a kan matashi ba. Shi kuwa matashin, da katifa da darduma da zanen da ke kan cinya, duk suna toshe ramukan ƙasa da fanka ke shaƙar iska ta cikinsu.

Dattijon ya kashe kwamfutar, ya zare caja, ya kifa ta a kan tsumma mai tsabta. Duk sukurun da ya kwance sai ya ajiye shi a kan takarda daidai da wurin da ya fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashi. Kafin ya kai hannu ciki ya taɓa ƙarfen ƙofar shagon. Wutar da ke taruwa a jikin mutum idan iska ta bushe, irin wadda ke tsikarar yatsa in an taɓa ƙofar mota da hunturu, tana iya lalata kayan lantarki masu laushi. Da murfin ya buɗe, abin da ya fara cirewa shi ne wayar da ta haɗa batir da madabod, don kada a yi aiki a kan na'urar da wuta ke cikinta. Sannan ya kwance fankar ya ɗaga ta.

A tsakanin fankar da haƙoran akwai wani abu shimfiɗe, toka-toka, mai kauri kamar yankin bargo, ya rufe hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ɗago shi da ɗan tsinke, ya fito guda ɗaya bai ko yage ba. Zaren tufafi ne da gashi da audugar katifa suka fara maƙalewa a bakin haƙoran suka zama raga, ragar kuma ta riƙa tare ƙura har ta dunƙule. Malama ta daɗe tana kallonsa. Dattijon ya ce, "Hunturu huɗu ke nan, Malama."

Ƙurar nan ta yi doguwar tafiya kafin ta iso wurin. Wani babban kaso na hazon da ke rufe arewacin Nijeriya da kudancin Nijar daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Kwarin ƙasan wani katafaren tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Abin da ya bari shi ne farin gari mai laushi, ɓurɓushin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Iskar da ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi tana kwasar garin ta yi sama da shi, wani ya sauka a kan motoci da tagogin Kano da Zariya, wani ya tsallake Tekun Atilantika har dajin Amazon. Kwamfutar da ke kunne awa takwas a yini tana shaƙar wannan iska ba hutu, kuma yawancin laftof ba su da matatar da za ta tare ƙura. Abin da zai ɗauki shekaru kafin ya taru a ofishi mai rufaffun tagogi a Turai, a nan hunturu ɗaya ko biyu ya ishe shi.

Wannan ne ma ya sa hura bulowa daga waje, ba tare da an buɗe na'urar ba, ba ya cika yin magani idan toshewar ta yi nisa. Dunƙulen yana daga ciki ne, iskar sai dai ta tura shi cikin fanka. Dattijon ya share haƙoran da burushi mai laushi, ya hura su daga ciki zuwa waje, har sai da ya ɗaga su sama ya ga haske yana ratsawa. Lokacin da yake hura fankar ya riƙe fukafukanta da yatsa, don iska mai ƙarfi tana iya juya ta fiye da gudun da aka yi ta dominsa, ta lalata gindin da take juyawa a kai. Ya kaɗa ta da ɗan yatsa ya saurara, ba ta gogar komai, ba ta girgiɗi. Da ta yi ɗaya daga ciki, da sai an sauya ta.

Saura zangon farko. Da ya kwance farantin jan ƙarfen, man da ke ƙarƙashinsa ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Fuskar furosesa da ta faranti a ido sumul suke, amma suna da ƙananan kwaruruka da ke riƙe iska idan an haɗa su, kuma iska ba ta iya isar da zafi: jan ƙarfe ya ninka ta sau dubbai a wannan aiki. Amfanin fes shi ne ya kori iskar ya cike guraben. Idan ya bushe bayan shekaru na zafi da sanyi, guraben sukan dawo. Dattijon ya goge tsohon da tsumma da sifirit mai ƙarfi, irin na aisofurofil da ke bushewa nan da nan bai bar ruwa ba, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Yawansa ba alheri ba ne, domin shi ma bai kai ƙarfe isar da zafi ba, aikinsa cike gurbi kawai. Ya maida farantin, ya ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan bisa lambobin da aka rubuta a gefensu, don matsin ya daidaita. Bututun kuwa bai yarda ya lanƙwasa shi ko kaɗan ba, saboda idan ya tsage ruwan cikinsa ya tsere, ya zama ƙarfe mara amfani.

Kafin ya rufe ya shafa batirin ya duba ko ya kumbura. Zafi yana tsufar da batirin litiyam da wuri, wani lokaci har ya cika da gas ya turo murfin ko wurin da ake jan yatsa. Kumburarren batir ba a danna shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da yi masa caji, sai dai a cire shi a sauya, don yana iya kamawa da wuta. Na Malama bai kai ga haka ba. Da aka kunna kwamfutar aka sake ɗora mata lissafin da ya kashe ta, zafin ya tsaya ƙasa da digiri 80, iska mai ɗumi tana fita ta gefe har tana kaɗa takardar da ke kan tebur. Aikin gaba ɗaya bai cika awa ɗaya ba, kuɗinsa kuma bai kai abin da take kashewa a data a wata ba.

Ba kowa ne ya kamata ya buɗe kwamfutarsa da kansa ba. Wasu sukurori shida ne kawai tsakaninsu da fanka, wasu sai an cire madannai da madabod kafin a isa gare ta, kuma wadda ke da garanti gara a mai da ita inda aka saya. Amma wanda ya san zangon nan huɗu ya san abin da zai nema a wurin mai gyara, ya san kuma lokacin da ake shirin sayar masa da maganin cutar da ba ita ke damun na'urarsa ba. Sauran kulawar a hannun mai ita take: ya ɗora ta a kan abu mai tauri, ya ɗan ɗaga bayanta don iska ta shiga, kada ya bar ta a motar da ke rana, kada ya cusa ta cikin jaka tana kunne, kada kuma ya sa ta a firji don ta huce, domin raɓar da za ta kwanta a cikinta ta fi zafin illa. Idan aiki mai nauyi ne, da asuba ko da dare ya fi sauƙi a gare ta a kan tsakar ranar bazara.

Malama ta sake rubuta gyaran babi na huɗu cikin dare biyu, daga abin da ta iya tunawa da kuma 'yan rubuce-rubucen da ke gefen takardunta. Wasu jimlolin ba su dawo yadda suke ba. Ta miƙa kundin saura kwana ɗaya. Yanzu kwafin aikinta yana wuri uku, kwamfutar kuma tana zama a kan wani tsohon tiren silba da ta ɗauko daga kicin, da murafan kwalba biyu a ƙarƙashin bayanta. A kalandar wayarta ta sa tunatarwa a ƙarshen kowane Maris, lokacin da hazo ya janye kuma zafi bai gama kankama ba, ta kai ta bayan kasuwa a buɗe a share.